Dodon Tatsuniya da Dodon Talabijin

Maganarmu ta yau a kan yara ce, da abin da suke kallo bayan sallar lisha, sa'ad da manya suka gaji suka bar musu akwatin talabijin ko wayar hannu. Waɗansu iyaye sun ce duk wasan da ke da fatalwa ko mayya a hana yaro ganinsa. Waɗansu kuwa sun ce tun da an kira shi wasan iyali, ai ba laifi. Ni dai a ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki.

Fatakenmu masu zuwa Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, sun san unguwar Bukit Bintang, inda Low Yat Plaza take, watau gidan nan mai hawa-hawa da ake sayar da wayoyi da kwamfuta. A can wani kan sayo wa ɗansa tsarabar da za ta hana shi barci. To, mutanen ƙasar nan, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, sun daɗe suna fama da wannan al'amari. Suna da wata fatalwa da suke kira pontianak, macen da ta mutu wurin haihuwa ta dawo tana yawo da dare. A 1957 kamfanin Cathay-Keris na Singafo ya yi fim a kanta, Maria Menado ta fito a ciki, jama'a suka yi ta tururuwa. Daga baya hukumar tace finafinai ta Malesiya ta matse wa irin wannan fim shekaru masu yawa, don kada ya cusa camfi. Amma fa fatalwar ba ta gushe ba. A 2004 Shuhaimi Baba ta komo da ita cikin Pontianak Harum Sundal Malam, aka sake cika gidajen sinima.

Yanzu abin da suke yi shi ne sa wa kowane fim alama. Tun daga Fabrairu 2023 alamun biyar ne: U na kowa da kowa, sa'an nan P12, da 13, da 16, da 18. Ku duba P12 ɗin nan da kyau. Ma'anarta, yaron da bai kai shekara 12 ba ya iya kallo, amma da kulawar iyayensa. Hukuma da kanta ke nan ta mai da wa uba da uwa kayansu.

Kuma ai mu ba baƙin tsoro ba ne. Wane ne cikinmu bai ji labarin Dodo ba, wanda kan haɗiye mutanen gari har da shanunsu? Mun ji, gabanmu ya faɗi, ba mu lalace ba. Dalili kuwa, kaka ce ke faɗi. Tana ganin fuskokinmu, in ta ga ƙaramin cikinmu ya soma makyarkyata sai ta sassauta murya, ko ta jawo Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. In ta ce ƙurunƙus, magana ta ƙare, ka kwanta a gefenta. Talabijin ba ya ganin fuskar yaro. Wasan kuma ba ya ƙarewa: da gangan a kan yanke shi daidai inda wuƙa ta kai wuya, don ka komo gobe. Babba ya san dabarar ciniki ce. Ɗan shekara 6 da ita zai kwana.

Abin da ya fi damuna ma ba fatalwa ba ce. Wasannin nan ne na rikicin gida, na Hausa da na Indiya da aka juya zuwa harsunanmu, inda kishiya kan tafi wurin boka, ko ta zuba wa ɗan miji magani a tuwo. Yaro ya san bai taɓa gamuwa da Dodo a kasuwa ba. Kishiyar uwa fa? Tana nan tsakar gida, ita ce ma za ta zuba masa abinci ranar girkinta. A gidajenmu na haya, inda iyali biyar ko shida kan taru gaban akwati ɗaya, wa ya san abin da yaron nan ya ƙulla a ransa?

Ba na cewa a ɓoye wa yara kowace magana mai nauyi. Wasan Upin & Ipin, wanda Malesiya ta soma nunawa cikin azumin 2007, labarin tagwaye ne marayu da ke hannun kakarsu da yayarsu. Maraici ba ƙaramin abu ba ne, amma an kawo shi yadda yaro zai iya ɗauka.

Saboda haka ga shawarata. Kafin ka bar yaro da sabon wasa, zauna ka kalli kashi biyu ko uku tare da shi, idonka rabi a kan akwati, rabi a kansa. In ya yi tsit ya matso jikinka, ka tambaye shi abin da ya gani, ka warware masa tun bai kwanta ba. Wayar nan kuwa ta Low Yat, ta kwana a ɗakin uwarsa.