Waiwaye: Gudun da Yunwa ke Haifarwa

A shekarar 1866 aka kai wa Dokta William Gull na birnin Landan wata yarinya 'yar shekara 17, ta rame ta zama sai ƙashi da fata, ta ƙi abinci. Ramar ba ta ɗaure wa likitan kai ba kamar yadda yarinyar ta kasa zama wuri ɗaya. Jikin da ya kamata a ce yana kwance, kullum yana kai-komo. A 1873 ya gabatar da labarinta ga taron likitoci, ya raɗa wa cutar suna anorexia nervosa.

An ɗauki lokaci ana ganin taurin kai ne kawai, ko son a ce mace siririya ce. Sai a 1967 wasu masana biyu a Amurka, Routtenberg da Kuznesof, suka gwada abin a kan ɓeraye. Suka taƙaita musu abinci zuwa sa'a ɗaya a rana, wasu kuma aka sa musu wata na'ura mai juyawa kamar gare-gare da za su riƙa gudu a cikinta. Waɗanda ba su da na'urar suka saba, suka rayu. Masu ita kuwa, yunwa na ƙaruwa gudu na ƙaruwa, ci na raguwa, har suka mutu. Ɓera dai ba ya duba madubi. Ashe yunwar kanta ce ke tunzura jiki ya yi ta motsi.

A ɓangaren mutane kuwa, Christy Henrich, 'yar wasan alkafura ta Amurka, wani alƙalin wasa ya ce mata ta yi ƙiba. Ta rage ci, ta ƙara atisaye, ana yaba mata da juriya. Ta rasu a watan Yulin 1994 tana da shekara 22, bayan nauyinta ya taɓa sauka zuwa kilo 21.

Yabon nan shi ya fi damuna, domin shi ke rufe mana ido. Budurwar da ke fita gudu da targaɗe, hankalinta ya tashi idan ta tsallake rana ɗaya, al'adarta ta ɗauke wata da watanni, faɗa ba zai tsayar da ita ba. Uwa, idan kin ga haka a gidanki, ki bar cewa "ai motsa jiki lafiya ne." Ki kama hannunta ku je wurin likita.