Shayi da burodi: Gadon Birtaniya da ke neman fin ƙarfin talaka a Birnin Kudu da Gwaram

Da asuba a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Birnin Kudu, ko ranar kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram, teburin mai shayi ne ke fara cika. Direba da ɗan acaɓa da ɗan dako kowa na jiran kofinsa da burodi. Yau wannan karin kumallo ya zama kamar na gado, alhali baƙo ne.

Kalmar shayi daga Larabci ta zo, kuma Buzaye da Larabawa sun daɗe da nasu koren shayin. Amma baƙin shayi mai madara da sukari a babban kofi, tare da burodi, salon Birtaniya ne. A can ne al'adar shan shayin la'asar ta samo asali wajen 1840, ana kuma danganta ta da Anna, matar Duke na Bedford. Ganyen Lipton da masu shayi ke jefawa a kofi ma sunan wani ɗan kasuwa ne daga Glasgow, Thomas Lipton. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, salon ya bi ta bariki da ofisoshi da makarantun kwana har ya iso tasha.

Matsalar ita ce kusan duk abin da ke kan teburin nan da dala ake sayo shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke amfani da ita daga waje take zuwa. Garin madara ma haka. Ko sukarin kamfanin Aliko Dangote, wanda ya kammala Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a 1978, galibi ɗanyensa ake shigowa da shi a tace a Legas.

Shi ya sa yaƙin Rasha da Ukraine a 2022, da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira bayan nan, duk suka sauka a kofin mai shayi. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, a ƙididdigar hukumar NBS. Burodi ya ƙanƙance, madara ta koma 'yar leda.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a yankin Haɗeja a Nuwamban 2023. Mataki ne mai kyau, sai dai alkama na buƙatar sanyin hunturu da ban-ruwa da taki, kuma cike giɓin zai ɗauki shekaru.

Gero da dawa da wake kuwa a gonakin Birnin Kudu da Gwaram ake noma su. Su ma sun yi tsada, amma kuɗin koko da ƙosai ko kunu da waina a cikin gari yake zagayawa: daga manomi zuwa mai injin niƙa, zuwa matar da ke suya a ƙofar gida.

Shayi ba zai bar tasha ba. Abin da ya rage ga gwamnatin Jigawa shi ne ta ba manomin gero da wake irin kulawar da ake ba na alkama, ta fuskar iri da taki da rumbun ajiya, domin karin kumallon talaka ya daina jiran farashin dala.