Wanda Ya Cinye Iri, Kada Ya Yi Kuka Da Kaka

Ranar wata Asabar na ci karo da ɗan ƙanwata, ƙaramin malami mai bincike, a Kasuwar Sabon Gari, rungume da kula, yana cinikin ƙanƙara. Na ce, "Kai, biki ake yi ba a gaya mini ba?" Ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Kawu, jini ne. Kwana uku ba wuta, man janareta ya ƙare." Jinin mata ne masu ɗauke da HIV, waɗanda ya bi ɗaya bayan ɗaya ya nemi yardarsu, don ya auna ko maganin da suke sha yana ci gaba da danne ƙwayar cutar bayan sun haihu. Kuɗin sinadari, kuɗin Keke Napep, har kuɗin ƙanƙarar, duk daga albashinsa suke fita. Ƙanƙara ba ta kai sanyin da jinin yake bukata ba. Aikin wata huɗu ya tafi a banza.

Tun ranar raina a ɓace yake, domin abin da yaron nan yake nema bai kai abin da ake kashewa kan shayi da alawus a taron bita na kwana biyu a otal ba. Ga yadda harkar take: manyan masu ba da tallafin bincike ba sa kallon takardar wanda bai zo da sakamakon ɗan gwajin farko ba, shi kuwa gwajin farkon sai da kuɗi. Ƙaramin tallafin da ake yin gwajin farkon da shi, shi ne iri. Mu mutanen Samaru ai ba sai an koya mana darajar iri ba. Tun 1922 ake binciken noma a garin nan, daga nan masarar SAMMAZ da waken SAMPEA suka bazu a gonakin Arewa. Mun san ba a girbi sai an ware abin shukawa, amma da aka zo kan 'ya'yanmu masu bincike sai muka mance.

Wa yake ba da irin a da? Baƙi. Daga 2010 zuwa 2015 Amurka ta ɗauki nauyin shirin MEPIN, wanda ya haɗa jami'o'i shida ƙarƙashin jagorancin Ibadan, har da Jami'ar Ahmadu Bello, inda ƙananan malamai suka samu horo da ɗan jarin bincike da manyan da za su duba musu aiki. Ko binciken NAIIS na 2018, wanda ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Nijeriya, akasarin kuɗinsa daga shirin PEPFAR na Amurka da Asusun Global Fund ya fito. Wato marasa lafiyarmu ma sai da kuɗin wasu muka ƙirga su! A Janairun 2025 Shugaban Amurka Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, sai ga mu muna salati kamar ba mu taɓa jin cewa kayan aro ba ya rufe katara ba. A Abuja aka zauna a 2001 aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi don lafiya. Har yau Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Manyan malamai ma ba zan ƙyale su ba. Akwai na kirki, Allah Ya saka musu. Amma wanda aka haɗa ɗan ƙanwata da shi, rainon da yake yi masa bai wuce, "Ɗauko mini jaka, je ka riƙe mini aji" ba. Babi ɗaya ya yi wata biyar a kan teburinsa ƙura na hawa. Da yaron ya rubuta maƙala da guminsa, sunan oga aka sa a gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Makaniki a bakin titin Samaru ya fi wannan sanin haƙƙin yaron shago, don shi dai yakan miƙa masa sifana ya ce kwance in gani.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta ware wani kaso na asusunta na bincike ga waɗanda ba su wuce shekara biyar da kammala digiri na uku ko horon ƙwarewar likitanci ba, kuɗin ya shiga hannunsu kai tsaye, a kan lokaci. Gwamnatin Kaduna ta sa nata. Jami'o'i su daina ƙara wa farfesa girma ko muƙami sai ya nuna matasa nawa suka tsaya da ƙafafunsu a hannunsa. Attajiran Zariya da ke gasar gina gidan mai, ku ma da ku nake: firiza mai aiki da sola a ɗakin gwaji sadaka ce mai gudana.

Jiya na leƙa gidan ƙanwata. Yaron yana ɗaki yana haddar jarrabawar Turanci ta tafiya Ingila. Kular nan kuwa tana zaure a wanke, ba kowa da ke bi ta kanta.