Tafi Ba Ya Ɗaga Jirgi

A Amurka da Ingila akwai dattawan da ke tara ƙananan injinan jiragen wasa, irin su Cox .049 da ake riƙewa da yatsu biyu, su jera a kabad suna goge musu ƙura. A Malali kuwa, yaranmu wurin 'yan gwangwan suke zuwa, su ciro ɗan injin matacciyar DVD, su ɗaura a jirgin kwali. Farfela ta juya, jirgi ya ƙi tashi.

Mu kuma me muke yi? Mu ɗauki bidiyo, mu watsa a Facebook, mu rubuta "Allah ya ɗaukaka", shi ke nan. Haka muka yi wa Mubarak Muhammad Abdullahi tafi a 2007, da ya haɗa helikwafta a Kano da injin Honda Civic.

Abin kunyar shi ne, a Kadunan nan aka ƙaddamar da Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, jirage marasa matuƙi masu sunan Hausa. Ga kwalejin tuƙin jirgi a Zariya, ga makarantar fasaha a Malali kanta. Ilimin yana maƙwabtaka da yaron, ƙofa ce babu.

Kada mu ce sai gwamnati. Kuɗin ankon biki ɗaya zai sayi inji da batir da rimot. Kowace unguwa ta samu shago guda, da injiniya guda mai sadaukar da Asabar ɗinsa. In ba za mu iya wannan ba, mu daina tafin.