Gwajin kimiyya a sakandare: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk shekara, WAEC da NECO na yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare jarrabawar gwaji a aikace a darussan kimiyya. Sai dai a makarantu da dama, ɗalibi ba ya taɓa kayan gwaji sai jarrabawa ta ƙarato, don haka yake haddace sakamako.

Rashin ɗakin gwaji matsala ce, amma tsara bincike bai dogara da shi ba. Gwangwani uku, ƙasa iri ɗaya da irin wake sun isa: a bambanta yawan ruwa kawai, a auna tsayin tsiron kullum na mako biyu, sannan a maimaita.

Ɗalibin da ya saba da wannan tun ajin farko zai shiga jami'a da sanin yadda ake tabbatar da zance.