Wargajewar Pac-12: Yadda kuɗin talabijin ya sake raba jami'o'in Amurka, da waɗanda nauyin ya faɗa wa

A ranar 4 ga Agustan 2023, jami'o'i biyar suka sanar cikin wuni guda cewa za su fice daga Pac-12, gamayyar wasannin jami'o'in yammacin Amurka wadda tushenta ke komawa zuwa 1915. Oregon da Washington suka bi sahun USC da UCLA zuwa Big Ten. Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Kafin wata guda ya cika, Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun sami mafaka a ACC, gamayyar da aka raɗa wa sunan gaɓar Tekun Atilantika, alhali su a gaɓar Fasifik suke. Cikin mambobi 12, biyu kacal suka rage, wato Oregon State da Washington State. A daidai waɗannan makonni ne kuma Oregon State ke shirin buɗe filin wasanta na Reser, bayan ta kashe kimanin dala miliyan 160 wajen sake gina wani ɓangare nasa domin karɓar baƙin da suka riga suka yi mata sallama.

Wanda ya saba da gasar Firimiya ta Ingila zai yi mamakin yadda jami'a ke shiga irin wannan ciniki. A Amurka, ƙwallon ƙafar jami'o'i, wannan mai kama da zari-ruga, babbar sana'a ce. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Jami'o'in sun kasu zuwa gamayya-gamayya, kowace tana tsara wasannin mambobinta, tana sayar da haƙƙin nuna su a talabijin a dunƙule, sannan a raba kuɗin. Babu hawa ko faɗuwa bisa sakamakon kaka. Jami'a na shiga babbar gamayya ne idan an gayyace ta, kuma abin da ake dubawa kafin gayyata shi ne yawan idanun da za ta jawo wa gidan talabijin.

Tushen lamarin yana cikin wani hukunci na Kotun Ƙolin Amurka a 1984. Jami'o'in Oklahoma da Georgia sun kai ƙarar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, suna ƙalubalantar ikonta na ita kaɗai ce ke sayar da wasanni ga gidajen talabijin. Kotu ta ba su gaskiya. Tun daga ranar, kowace gamayya ta zama 'yar kasuwa mai cin gashin kanta, kuma mai kayan da aka fi so ya fara yin nisa da saura. A 2022, Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7. SEC, wadda Teksas da Oklahoma suka koma a 2024, tana da tata da ESPN. Ita kuwa Pac-12, abin da shugabanta George Kliavkoff ya iya kawo wa mambobinsa bayan dogon jira shi ne tayin kamfanin Apple, wanda kaurinsa ya dogara da yawan masu biyan kuɗin kallo ta intanet. Shugabannin jami'o'i suka duba, suka tattara komatsansu.

Sharuɗɗan da masu gudun suka amince da su sun isa su nuna girman fargabar da ke cikin zukatansu. Oregon da Washington sun shiga Big Ten a kan kusan rabin kason cikakken mamba. Stanford da Berkeley sun yarda da kimanin kashi 30 cikin 100 na shekarun farko. SMU ta birnin Dallas, da ta shiga ACC tare da su, ta yafe kason talabijin ɗinta na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ɗauki alƙawarin cike giɓin. Ita Berkeley tana ɗauke da bashin gyaran filinta, wanda aka kammala a 2012 a kan dala miliyan 321, har sai da majalisar gudanarwar Jami'ar Kalifoniya ta umarci 'yar uwarta UCLA ta riƙa biyan ta dala miliyan 10 a shekara. Ba a ma yi maganar ɗaliba 'yar ƙwallon raga ba, wadda yanzu za ta tashi daga Los Angeles ta yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey domin wasa guda, ta dawo ta zauna a aji.

Farashin hawa bene

Wannan duk rikicin manya ne. Inda lissafin ya fi muni shi ne a ƙasa, wurin jami'o'in da ke ganin kowace kujera da aka bari a matsayin damar da ba za ta dawo ba.

Ƙwallon manyan jami'o'i hawa biyu ce: FBS a sama, FCS a ƙarƙashinta. Har zuwa 2023, kuɗin neman hawa daga ta ƙasa zuwa ta sama dala 5,000 ne. A watan Oktoban shekarar NCAA ta mayar da shi dala miliyan 5, ninki dubu ke nan, ta kuma gindaya cewa jami'a ta riƙa bayar da guraben tallafin karatu aƙalla 210 ga 'yan wasa, waɗanda darajarsu ba za ta gaza dala miliyan 6 a shekara ba. Wannan kuɗin ƙofa ne kawai. A tsohon tsari, ƙungiyar FCS na da gurabe 63, ta FBS 85. Dokar Title IX ta 1972, da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, tana nufin ƙarin gurabe ga maza sai ya zo da makamancinsa ga mata. Sai faɗaɗa filin wasa, da ɗakunan atisaye, da jiragen haya, da albashin masu horarwa a kasuwar da Texas A&M ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 domin kawai ya bar aiki.

Me ake samu a madadin haka? Conference USA, wadda Delaware da Missouri State suka shiga a 2025, kason talabijin da take bai wa kowane mamba bai kai dala miliyan 1 a shekara ba. A Mountain West kimanin miliyan 4 ne a 2025. Mamban Big Ten kuwa ya karɓi kusan miliyan 60 tun kafin sabuwar yarjejeniya ta kankama. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi ke karɓar dala miliyan ɗaya ko fiye su je gidan manya a lallasa su a farkon kaka. Sauran giɓin kuma ana cike shi ne daga baitulmalin jami'a da kuɗin wasanni na dole da ake ɗora wa kowane ɗalibi, har da wanda bai taɓa leƙa filin ba, wanda galibi da bashin karatu yake biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shugabannin jami'o'i na da hujjarsu. Suna kwatanta ƙwallo da zauren gida: ta nan baƙo ke fara ganin jami'a, masu neman gurbi su ƙaru, masu ba da gudummawa su buɗe aljihu. Kuma suna da abin nunawa. James Madison ta jihar Virginia ta hau a 2022, ta ci wasa 8 cikin 11 a kakarta ta farko, a 2025 ta shiga jerin ƙungiyoyi 12 masu neman kofin ƙasa. Sai dai ita ma kuɗin ɗalibai ne ginshiƙin kasafin wasanninta, kuma da kocinta Curt Cignetti ya yi suna, Indiana ta Big Ten ta ɗauke shi a ƙarshen 2023, 'yan wasa fiye da goma suka bi shi. Ƙaramar jami'ar da ta yi nasara takan wayi gari ta zama gonar renon manya.

Waɗanda ba su yi sa'a ba sun fi yawa, sai dai ba a cika ba da labarinsu ba. Jami'ar Massachusetts ta hau a 2012, ta riƙa buga wasannin gida a filin Gillette mai nisan fiye da kilomita 100 daga harabarta, kuma ba ta taɓa cin wasa fiye da huɗu a kaka guda ba tun daga lokacin. Idaho ta hau a 1996, ta sha fama shekara ashirin da 'yan kai, gamayyar Sun Belt ta sallame ta, a 2018 ta sauko FCS da ƙafarta. Colorado State ta ci bashi ta gina filin dala miliyan 220 da aka buɗe a 2017, da fatan Big 12 za ta waiwaye ta. Ba ta waiwaye ta ba. Gayyatar da ta samu daga baya ita ce ta sabuwar Pac-12, wadda Oregon State da Washington State ke sake ginawa daga kakar 2026 da jami'o'in da suka yago daga Mountain West, wato dai abin da aka yi musu suka yi wa na ƙasa da su, kuma batun kuɗin ficewa sai da ya kai gaban kotu.

A watan Yunin 2025 aka ƙara wani nauyin. Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da aka sani da House, wanda ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma bai wa kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Adalci ne da ya daɗe yana jira, domin matasan da jikinsu ke samar da waɗannan biliyoyin sun shafe shekaru ana hana su ko sisi da sunan su ɗalibai ne. Amma adadin da ya zama wani yanki na kasafin Ohio State ya kai kusan rabin duk abin da wasu ƙananan jami'o'in FBS ke kashewa a wasanni. Wadda ta biya miliyan 5 ta shigo ɗakin za ta tarar an ƙara wani bene a samansa.

Nan ne batun ya taɓo 'yan Najeriya. Jami'o'in Amurka su ne babbar hanyar da 'yan tseren ƙasar ke bi zuwa fagen duniya. Blessing Okagbare da Tobi Amusan duk a Jami'ar Teksas ta El Paso suka gogu, kuma a filin Jami'ar Oregon ne Amusan ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a 2022. Guje-guje da tsalle-tsalle ba sa kawo kuɗin talabijin, saboda haka su ake fara dubawa idan za a tsuke bakin aljihu. Stanford, duk da arzikinta, ta sanar da soke wasanni 11 a 2020, sai da matsin lamba ya sa ta janye a shekarar da ta biyo baya. Washington State ba ta da irin wannan rufin asiri. A watan Yunin 2025, shekara guda bayan abokan gamayyarta goma sun tafi, ta sanar da cewa ta daina wasannin tsalle da jifa, ta kuma rage gajeren tsere, za ta mayar da hankali kan gudun dogon zango.