Timiya: ruwan da ke faɗowa daga duwatsun Azbin

A wannan mako za mu nufi arewa, jahar Agadas, inda ƙasarmu take da wata dukiya da baƙi suka fi mu sani. Idan lokacin sanyi ya kama, ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram yakan ɗaga lemu ya ce na Timiya ne, ya ƙara masa kuɗi. Amma tambaye shi ina Timiya take, sai ya yi shiru.

Timiya gari ne na Abzinawa Kel Ewe, a tsakiyar duwatsun Azbin, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Hanyar tana bi ta Dabaga da Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Babu kwalta, duwatsu ne da yashin ƙorama, sai mota kat-kat, kuma yini guda take ci. Bayan wannan wahala matafiyi yakan iske garake kore shar: lemu, rumman, inabi, dabino da alkama. A kan tudu kuma ga barikin da Faransawa suka gina a shekarun 1950, wanda ake kira da sunan hafsansu Massu.

Magangarar ruwan tana nesa kaɗan da gari, inda ƙorama ta iske bakin dutse ta zubo ƙasa. Dutsen baƙi ne ƙirin, irin wanda aman wuta ya bari tun zamanin da, kuma a gindinsa ruwa ya taru cikin wani kwari mai sanyi. Ƙarshen damina, wajen watan Satumba, shi ne lokacin da ruwan yake da ƙarfi. Da rani yakan ragu ƙwarai. Mai son hawa sama ya fita da sassafe, da takalmi mai kama ƙasa, da ruwan sha, da ɗan gari a gaba. Kada kowa ya kwana ko ya ajiye mota a cikin ƙorama. A Azbin ruwa yakan sauka a kan duwatsu masu nisa, sama tana garau a inda kake, sai ka ga ambaliya ta iso ba sallama.

Dangantakarmu da mutanen nan ba ta yau ba ce. Ayarin raƙuman Timiya yakan keta Tenere zuwa Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa ya sayi hatsi. Kakannin masu karanta wannan shafi da yawa sun sauke su a gidajensu.

To, me ya sa muke wannan magana yanzu? A shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sun cika Agadas, direbobi, ƴan jagora da maƙeran azurfa duk suna samu. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Tawaye ya katse wannan ciniki har aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Kasuwa ta farfaɗo, sai rikicin 2007 zuwa 2009 ya sake karya ta, sace ma'aikata a Arlit a 2010 kuma ya ƙarasa. Abin da aka gina a kan baƙo, ranar da baƙo ya tafi yakan rushe.

Maganin yana hannunmu. Ma'aikacin da ya sami hutu, da alhajin da ke kai iyalinsa Kwatano ko Lome, suna iya waiwayar arewa. Kuɗin hayar mota, na masauki da na jagora, duk aljihun ƴan ƙasa za su shiga. Ɗan kasuwa kuma in ya ga garka da idonsa ya san manomi, to, ya rage ƴan tsakiya da ke cin riba a kan su biyun.

Sai dai a tafi da hankali. A tambayi hukumomin Agadas halin hanya kafin a tashi, a bi shawararsu. A gaida maigari. Kada a zuba sabulu ko leda a ruwan, domin mutane da dabbobi da shi suke rayuwa, kada kuma a ɗauki hoton mata ba izini. Hukuma ita ma tana da nata nauyi: gyaran hanya, saboda lemun da ya ruɓe a mota hasarar manomi ce da ta mai saye.

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.